Ƙananan ɓeraye a kicin, manya a silin: iri ɗaya ne, kuma yaya ake raba gida da su?

Uwargida_Ɗorayi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema. Gidanmu ginin bulo ne mai rufin kwano da silin. Tun shigowar sanyi ɓeraye suka addabe mu. Da dare ana jin guje-guje da kokawa a cikin silin, a kicin kuma wasu ƙanana ne ke fitowa ta bayan kabad suna huda ledar taliya da buhun shinkafa. Akwai kuma wani mai dogon baki da ke bin gindin bango yana tsuwa, ga wari. Maigida ya ce duk abu ɗaya ne, ƙananan 'ya'yan na silin ne. An sa shinkafar ɓera, wasu sun mutu, ɗaya ma ya ruɓe a sama, amma bayan sati biyu sun dawo. Muna da ƙananan yara da kaji, shi ya sa nake tsoron ƙara sa guba. Ta yaya zan gane irin da ke gidan, kuma me za a yi su tafi gaba ɗaya?

Duba-gari:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ga dukkan alamu baƙi uku gare ki, kuma kowanne da yadda ake bi da shi.

Na cikin silin shi ne baƙin ɓera, gwanin hawa. Babbansa yakan kai giram 150 zuwa 250. Alamarsa mafi sauƙi jela ce: idan aka naɗo ta ta gadon bayansa sai ta kai hancinsa ko ta wuce, wato ta fi jikinsa tsawo. Kunnuwansa manya ne, bakinsa da tsini. Ta kan wayar wuta, reshen bishiya, bututun ruwa da kan katanga yake shigowa, kuma matuƙar ya samu sama ba ya wahalar da kansa da haƙa rami.

Na kicin mai yiwuwa ƙaramin ɓeran gida ne, wanda wasu ke ce wa kusu. Ko ya tsufa bai cika wuce giram 30 ba, jikinsa santimita 7 zuwa 10 ban da jela. A yi wa maigida haƙuri, wannan ba ɗan na silin ba ne. Jinsinsa daban, kuma ba zai taɓa girma ya zama babba ba. Ɗan babban ɓera kansa da ƙafafunsa na baya sun yi wa jikinsa girma, jelarsa kuma da kauri. Kusu kansa ƙarami ne, ƙafafunsa sirara, kunnuwansa ne kawai suka yi masa yawa.

Ba sai kin kama ba kafin ki gane, kashinsu ya isa. Na kusu milimita 3 zuwa 6 ne, kamar ƙwayar shinkafa baƙa, kuma warwatse yake ko'ina domin yakan yi sama da 50 a rana yana tafe yana saki. Na baƙin ɓera ya kai wajen milimita 12, da ɗan lanƙwasa. Sabo yana sheƙi kuma da laushi, tsoho ya dushe yana marmashewa. Haka nan ki barbaɗa toka ko fulawa siriri a gindin bango da dare. Da safe sawun zai nuna miki inda suke fitowa da inda suke nufa. Sawun ƙafar baya na babban ɓera ya kai santimita 3, na kusu bai kai 2 ba. Inda babban ɓera ya saba bi kullum za ki ga wani baƙin maiƙo a jikin bango ko katako, shi ma alama ce.

Mai dogon baki da wari jaɓa ce, kuma ita ba ta cikin dangin ɓera sam. Kyankyasai da gyare da tsutsa take ci, ba ta huda buhu, shi ya sa hatsin guba bai cika damunta ba. Ta ƙasan ƙofa take shigowa, da an toshe nan an rabu da ita. Gafiya kuma ba ta ɓuya: ta kan haura kilo ɗaya, ƙarshen jelarta fari, raminta a gindin katanga ko bakin kwata.

Saura guda da ya kamata kowa ya sani, ɓera mai yawan nono. Girmansa tsakanin kusu da baƙin ɓera yake, gashinsa da laushi, ruwan toka zuwa ruwan ƙasa, jelarsa kusan tsawon jikinsa ko ƙasa da haka kaɗan. Macen tana iya samun nonuwa har 24 jere biyu, alhali na kusu 10 ne. Binciken da aka yi a Yamai ya nuna shi ya fi yawa a gidajen birnin, don haka kada mu ɗauka na ƙauye ne kawai. Wasu daga cikin ƙananan da kike gani a kicin suna iya zama shi. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar Lassa.

Birkila_ƘofarRuwa:

Hajiya, bayanin Malam Duba-gari ya wadatar wajen ganewa. Ni ta ɓangaren gini zan shigo, domin guba ba ta toshe rami. An kashe na ciki, na kwata da na maƙwabta sun shigo ta hanyar da na farko suka bi, shi ya sa bayan sati biyu aka koma gidan jiya.

Ma'aunin shi ne: kusu yana wucewa ta kafar milimita 6, babban ɓera ta wajen milimita 12. A ɗauki fensir da tocila a zagaya gidan. Duk inda fensir ya shige, kusu zai shige. Wuraren da aka fi samu su ne ƙasan ƙofa, rariyar tsakar gida da ta banɗaki, duk inda bututu ya huda bango (ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan masai, ramin da mai haɗa AC ko mai wayar dish ya huda bai cike ba), murfin sokawe da ya tsage, ragar taga da ta yage, sai kuma babba a cikinsu, tsakanin saman bango da kwano. Lanƙwasar kwano tana barin kafofi jere a kan bango, kuma yawancin masu gini ba sa cikewa tunda ba a gani daga ƙasa.

Abin toshewa siminti ne: kwano ɗaya na siminti, uku na yashi. A fara jiƙa ramin da ruwa, in ba haka ba busasshen bulo zai shanye ruwan kwaɓin ya faɗo. Idan ramin babba ne a cusa dunƙulen ragar ƙarfe ko tsakuwa tukuna, sannan a bi da kwaɓi, a riƙa yayyafa masa ruwa kwana uku, musamman yanzu da iska ta bushe. Kwaɓin da yashi ya yi wa yawa ɓera na iya ƙwaƙule shi. Tsumma, kwali, leda, soson katifa da guntun katako duk ɓata lokaci ne, wasunsu ma kayan shimfiɗa aka ba shi. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, don haka gwaguya aikinsa ne, yana cin roba da katako da siririn alminiyom. Soson ƙarfe na wanke tukunya yana tare ƙaramar kafa na ɗan lokaci, amma wurin da ruwa ke taɓawa tsatsa yake yi ya zube.

Raga kuma a nemi ta ƙarfe wadda ba ta tsatsa, mai idon da bai wuce milimita 6 ba. Ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke nan Kano. Ragar sauro ta roba ba ta tare shi, wayar kejin kaji kuma idonta ya yi faɗi, kusu wucewa yake yi abinsa. Wajen rariya a nan ake yawan kuskure: a manne raga da siminti, damina ta zo ta toshe da ganye da leda, tsakar gida ta cika da ruwa, sai wani ya sa ƙafa ya fasa ta. A sa mai walda ya yi mata firam da 'yar hanya ta yadda za a zare a wanke a mayar. Bututun iskar sokawe ma a ɗaure masa raga a baki.

Ƙofar katako a naɗe ƙasanta da falen kwano tsayin santimita 30, a lanƙwaso shi ta ƙarƙashi ya fito ɗaya gefen, don daga kusurwa suke fara ci. Ta ƙarfe a walda mata ƙarin ƙarfe a ƙasa, ko a ɗaga dokin ƙofar da siminti har fensir ya kasa shiga. Reshen darbejiya ko mangwaro da ya sunkuyo kan rufi a sare shi ya yi nesa da kwano da aƙalla mita ɗaya. Inda wayar wuta ta shiga gida kada kowa ya taɓa, a kira mai gyaran wuta, kuma tunda ya zo ya leƙa wayoyin silin, domin wayar da ɓera ya feƙe tana jawo gobara.

Masu ginin ƙasa a cikin gari nasu aikin ya fi yawa: daɓen siminti a ɗaki, da shafe gindin bango da siminti ciki da waje zuwa wajen santimita 60.

Abu na ƙarshe, kada a fara da rufe sama. A gama na ƙasa, a yi sati ana kama na silin da tarko, sai motsi ya ɗauke sannan a cike bakin kwano. In aka rufe su a ciki, ko su mutu su yi wari ko su huda silin su sauko ɗaki. Kuma a bar wa silin kafar shan iska mai raga saboda zafin bazara.

Ɗan_Dawanau:

Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kusu giram 3 na abinci ya ishe shi a rana, babban ɓera giram 15 zuwa 30. Ke nan ɓurɓushin da ya zube bayan risho ya ciyar da gida guda nasu, kuma ɓeran da ya ƙoshi ba ya kula tarko.

Hatsi, shinkafa da gari a zuba su a duron ƙarfe mai murfi. Bokitin roba mai kauri irin na Ƙofar Wambai yana tare kusu, amma babban ɓera in ya nace zai huda ta bakin murfi. In dole sai a buhu, a ɗora kan katako santimita 30 daga ƙasa, a bar rabin mita tsakaninsa da bango yadda za a iya zagayawa a duba. Buhun PICS mai ciki uku don ƙwari aka yi shi. Yana rage ƙanshin da ke jawo ɓera, amma da ya huda shi sau ɗaya aikinsa ya ƙare. Dusar kaji da ruwansu a kwashe da magariba. Wanke-wanke kada ya kwana, ƙanzo da sauran tuwo a rufe, shara a kwandon da ke da murfi. Babban ɓera yana buƙatar ruwa kullum, don haka famfon da ke ɗiga a gyara. Kusu yana iya wadatuwa da damshin abinci, shi hana ruwa ba ya korarsa.

Kusu ba ya nisa da sheƙarsa, mita 3 zuwa 10 ne iyakarsa. In a kicin kike ganinsa, a kicin yake kwana. A janye kabad, a duba bayan firji wajen injin inda ke da ɗumi, cikin murhun gas ta ƙasa, tsofaffin kwalaye da buhun gawayi.

Tarko kuwa kowa da nasa. Ƙaramin tarko ba ya kashe babban ɓera, sai dai ya ji masa ciwo ya koya masa wayo, babba kuma kusu yakan cinye abincin bai tashi ba. Tarko ɗaya ko biyu ba sa komai, a sa shida zuwa goma a dare ɗaya. Dalili, cikinsu wajen sati uku ne, haihuwa ɗaya 'ya'ya 5 zuwa 8, kuma ɗan kusu yana sati shida ya isa haihuwa. Mai kama ɗaya-ɗaya ba zai cim musu ba.

A jingina tarkon da bango a gicciye, gefen abincin yana kallon bangon, domin gindin bango suke bi, ba sa ratsa tsakar ɗaki. Na kusu a bar mita 2 zuwa 3 tsakani. Abinci: tunkuza, ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, gwargwadon ƙwayar gyaɗa ɗaya, a ɗaure da zare ta yadda sai ya ja. In ya yi yawa sai ya ci ta gefe ya tafi. Kusu ɗan bin ƙwaƙƙwafi ne, daren farko yake faɗawa, in kwana uku ba a kama ba a sauya wuri. Babban ɓera akasin haka, yana tsoron duk sabon abu. A ajiye masa tarko da abinci ba a ɗana ba har dare uku, sai an ga yana cinyewa sannan a ɗana duka lokaci guda. Na silin a ɗaure su da waya a jikin katako kusa da ƙofar silin, kada wanda aka kama ya ja tarko zuwa inda hannu ba ya kai. A duba kowace safiya.

Gam ɗin ɓera ban cika ba da shawararsa ba. Ƙurar hunturu tana kashe danƙonsa cikin kwana ɗaya ko biyu, babban ɓera yana fizgewa, wanda ya maƙale kuma yana nan da rai yana fitsari a wurin, ga shi yana kama 'yan tsaki da ƙadangaru.

Ma'aikaciyar_jinya:

Tsoronki na guba yana kan hanya, Hajiya. Iri biyu ce. Akwai mai saurin kisa, baƙin gari mai warin tafarnuwa, wadda ke kashewa cikin sa'o'i. Ba ta da makari, kuma ɓeran da ya ɗanɗana kaɗan bai mutu ba ba zai sake kusantarta ba. Akwai mai hana jini daskarewa, a jikin kwalinta za ki ga brodifacoum ko bromadiolone, ita sai bayan kwana 3 zuwa 7 take kashewa. Makarinta bitamin K1 ne a asibiti, amma haɗarinta shi ne yaron da ya ci zai iya wuni biyu garau kafin jini ya fara fita ta hanci ko dasashi. Shinkafar ɓera da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba, ba wanda ya san abin da ke cikinta, likita ma sai ya yi lalube. Kaji suna tsince ta, mage kuma in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Maganar cewa akwai maganin da ke busar da ɓera ba wari ba gaskiya ba ce, duk wanda ya mutu a silin sai ya ruɓe.

In ta kama dole, a sayi mai lambar NAFDAC, irin dunƙulalliya, a ɗaure ta da waya cikin akwati mai kulle da ƙaramar kafa a gefe, a ajiye a waje inda yaro da kaza ba sa kai. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi a sito kada a kuskura a jefa ta a silin ko ramin cikin gida, iskar da take fitarwa tana kashe mutanen da ke barci a ɗaki. Fiya-fiya ma ba maganin ɓera ba ce. Idan yaro ya ci guba kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, a ɗauki ledar ko kwalin a wuce asibiti nan take ko da yana wasansa.

Game da Lassa: a 1969 aka fara gano ta a garin Lassa na jihar Borno. Ta fitsari da kashin ɓera mai yawan nono take shiga abinci, ko ta ƙurar da aka shaƙa, sannan tana bi daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki. Ta fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da gona ta bushe ɓeraye suka koma gidaje. Jihohin da suka fi fama da ita sun haɗa da Ondo, Edo, Taraba da maƙwabciyarmu Bauchi. Alamun suna bayyana cikin sati uku da kamuwa, kuma da farko ba su da bambanci da maleriya ko taifot. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, da ciwon maƙogwaro, amai ko zubar jini, a je asibiti a faɗa musu akwai ɓeraye a gida. Magani ya fi aiki in an fara shi da wuri. Lambar kira ta kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232 ce.

Saboda haka kada a share kashin ɓera a bushe. A buɗe taga rabin awa, a sa safar hannu da takunkumi, a haɗa Hypo ko Jik kashi ɗaya da ruwa kashi tara, a jiƙa wurin minti biyar sannan a goge da tsumman da za a yar. Mataccen ɓera ma a zuba masa wannan ruwan, a ɗauka da leda biyu a binne da zurfi, ba a jefa a kwata ko kan layi ba. Kada a aiki yara ɗauka. Abincin da ɓera ya taɓa wanda ba za a sake dafawa ba, kamar garin kwaki, burodi ko dabino, a zubar. Shanyar kuɓewa da barkono a ƙasa ma a daina barinta ta kwana.

Uwargida_Ɗorayi:

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Na duba da safe, kashi iri biyu ne kamar yadda Malam ya ce. Saura tambaya biyu: in kawo mage? Sannan maƙwabciyata ta ce kafur ko wata na'ura mai ƙara da ake jonawa a soket tana korarsu.

Duba-gari:

Amin Hajiya. Mage tana rage kusu da ƙananan ɓeraye a ƙasa, amma ba ta shiga silin ko bayan kabad, kuma da yawansu ba sa tunkarar babban ɓera. In za ki kawo ta, sai an tabbatar an kwashe duk sauran shinkafar ɓeran da aka zuba. Kafur da na'urar soket kuɗi kawai za su ci. Ɓera yakan ɗan ja baya kwana kaɗan, in ya saba ya ci gaba da harkarsa, kafur kuma shi kansa guba ne ga yaron da ya tsince shi.

Abin da zai fi taimaka miki daga waje shi ne kwatar layinku da juji. A yi magana da maƙwabta da mai unguwa a yashe ta ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, kuma a ɗana tarko a gidajen da ke manne da juna a sati ɗaya, domin baƙin ɓera ta kan katanga yake zagaya gida uku ko huɗu a dare.

Kafin birkila ya cike kowane rami, a cusa masa takarda a bari dare biyu. In an ture takardar, akwai mai shiga da fita, a ɗana tarko a bakinsa tukuna. In tana nan yadda aka sa ta, a cike. Bayan an gama aikin a sake barbaɗa toka a kicin da bakin ƙofar silin sau ɗaya a sati har wata guda. Sabon sawu yana nufin akwai kafar da aka tsallake, kuma wajen da za a fara dubawa shi ne bayan bututu da saman bango.